Tarihin Kulob ɗin Real Union na Irun: Yadda Ƙwallon Sana'a Ya Durƙusar da Ƙananan Garuruwa a Sifen

1.0 Gabatarwa

Kusan duk mai sauraron labarin wasanni ya san Real Madrid da Barcelona, amma ba kowa ne ya taɓa jin sunan Real Union ba. Alhali kuwa wannan kulob na garin Irun ya ɗauki Kofin Sarki na ƙasar Sifen sau uku, a biyu daga ciki ma kulob ɗin Madrid ya kayar a wasan ƙarshe, kuma yana cikin kulob 10 da suka buɗe babbar gasar ƙasar a 1929. Tun daga 1932 bai sake taka babban rukuni ba.

A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙarin amsa tambaya guda, wato me ya kayar da shi? Wanda ya dubi tarihin garin a gurguje yana iya ɗora laifin a kan yaƙin basasar Sifen, tun da an ƙone Irun a 1936. Mu a namu ganin, kulob ɗin ya riga ya faɗi kafin a harba harsashin farko. Abin da ya karya shi dokoki ne guda biyu: wadda ta halatta biyan 'yan wasa albashi a 1926, da wadda ta kafa gasar zagaye ta ƙasa a 1929. Za mu fara da garin, sa'an nan zamanin ɗaukaka, sa'an nan waɗannan dokoki da abin da ya biyo bayansu.

2.0 Garin Irun da Kafuwar Kulob

Irun yana lardin Gipuzkoa ne, a ƙasar Bask da ke arewacin Sifen, a bakin kogin Bidasoa. Wannan kogi shi ne iyaka, domin da an haye shi an shiga garin Hendaye na Faransa. Abubuwa biyu suka raya garin. Na farko, a 1841 gwamnati ta ɗauke ofisoshin kwastan daga cikin ƙasa ta mayar da su bakin iyaka. Na biyu, a 1864 aka gama hanyar jirgin ƙasa daga Madrid zuwa Irun. Da yake layin dogon Sifen ya fi na Faransa faɗi, jirgin wannan ƙasa ba ya iya bin layin waccan, tilas a sauke fasinja da kaya a sake lodi. Saboda haka garin ya cika da ma'aikatan reluwe da na kwastan da dillalan fiton kaya, kuma duk abin da ya ɓullo a Turai, har da wasan ƙwallo, yakan iso nan da wuri.

A farkon ƙarni na 20 kulob biyu ne ke gaba da juna a garin, wato Sporting da Racing. A 1913 Racing ya ɗauki Kofin Sarki na hukumar ƙwallon ƙasa, inda ya ci Athletic na Bilbao 1 da nema a wasa na biyu, bayan sun yi kunnen doki 2 da 2 a na farko. Mutanen garin suka ga raba ƙarfi ba shi da amfani a wuri ƙarami kamar nasu, sai aka haɗe kulob ɗin biyu a 1915. Daga wannan haɗewa aka sami kalmar Union da ke cikin sunan. Ita kuwa Real lakabi ne na sarauta wanda Sarki Alfonso na 13 kan ba ƙungiyoyi. Kayan wasansu farar riga ce da baƙin wando.

3.0 Zamanin Ɗaukaka, 1918 zuwa 1927

Cikin shekara tara Real Union ya kai wasan ƙarshe na Kofin Sarki sau huɗu. A 1918 ya ci kulob ɗin Madrid 2 da nema, a cikin birnin Madrid kansa. A 1922 Barcelona ya lallasa shi 5 da 1 a garin Vigo. A 1924 ya ci Real Madrid 1 da nema a San Sebastian, kana a 1927 ya ci Arenas na Getxo 1 da nema a Zaragoza bayan ƙarin lokaci. Ɗan wasa guda, Echeveste, shi ya jefa ƙwallon nasara a waɗannan biyu na ƙarshe.

Mutum biyu sun isa su nuna mana irin 'yan wasan lokacin. Patricio Arabolaza, haifaffen Irun, shi ya ci wa ƙasar Sifen ƙwallonta na farko a tarihi, a wasan da ta yi da Danmak a gasar Olamfik ta 1920 a Beljiyam, gasar da Sifen ta zo ta biyu. Rene Petit kuwa an haife shi a Dax ta Faransa, ya tashi a Irun, ya ɗauki kofin 1917 da kulob ɗin Madrid, sa'an nan ya koma gida ya ɗauki uku da Real Union. A Olamfik ta 1920 Faransa ya yi wa wasa. Yana karatun injiniya a Madrid, amma idan ƙarshen mako ya yi sai ya hau babur ya taho Irun ya yi wasa ya koma. Aikin injiniya ya riƙe sana'a har ƙarshen rayuwarsa, ƙwallo kuwa sha'awa ce.

Ya kamata mu lura da tsarin gasar a wancan lokaci, domin a nan asirin nasarar yake. Kulob yakan fara da gasar yankinsa, inda tafiya ba ta da nisa kuma ba ta cin kuɗi. Wanda ya fito daga yanki shi ke shiga Kofin Sarki, wanda wasanni ne 'yan kaɗan na sili-ɗaya-ƙwale. Kuma a bisa doka ba a biyan ɗan wasa, don haka ba shi da wani dalili mai ƙarfi na barin garinsu da aikinsa. A irin wannan tsari, garin da Allah ya ba samari 11 gwanaye a zamani guda yana iya karawa da kowane birni.

4.0 Dokoki Biyu

Tun kafin 1926 manyan kulob suna biyan 'yan wasansu a ɓoye, ta hanyar kuɗin guzuri ko aikin je-ka-na-yi-ka. A 1926 hukumar ƙwallon Sifen ta halatta wasan sana'a. A wannan shekara ce kuma Real Union ya buɗe sabon filinsa, Stadium Gal, wanda aka yi wa suna da Salvador Echeandia Gal, attajirin turare haifaffen garin, da ya taimaka aka same shi.

Da albashi ya shigo, sai kulob suka ga wasannin kofi ba za su kawo kuɗin da zai biya shi ba. Ana bukatar wasa kowane mako, kuma da manyan abokan karawa masu jan 'yan kallo. Daga nan maganar gasar zagaye ta taso, kamar yadda ake yi a Ingila. Aka yi ta jayayya daga 1927 zuwa 1928 a kan waɗanda za su shiga. Ɓangare guda yana so a taƙaita ta ga kulob 6 da suka taɓa ɗaukar kofi, wato Athletic da Real Madrid da Barcelona da Real Sociedad da Arenas da Real Union, ɗaya ɓangaren kuma yana so a faɗaɗa. A ƙarshe aka daidaita a kan 10: waɗannan 6, da 3 da suka taɓa kai wasan ƙarshe, wato Athletic na Madrid da Espanyol da Europa, da kuma Racing na Santander wanda ya shiga ta wasannin share fage. Abin lura shi ne, Real Union ya shiga ne da ƙarfin tarihinsa, kuma yana cikin waɗanda suka nemi a kafa gasar. Ashe da hannunsa ya saro icen da za a doke shi da shi.

Ran 10 ga Fabrairu 1929 aka fara gasar. Ƙwallon farko da aka taɓa ci a cikinta a ragar Real Union ya faɗa, a gidan Espanyol, mai tsaron gidan kuwa shi ne Antonio Emery. Za mu sake cin karo da wannan suna nan gaba.

Yanzu sai mu dubi lissafin. A lokacin kulob ba shi da wata hanyar samu sai kuɗin ƙofa da kuɗin wata na mambobi. A 1930 mutanen Irun ba su kai 20,000 ba, na birnin Barcelona kuwa sun kai miliyan 1, na Madrid sun kusa haka. Filin Les Corts da kulob ɗin Barcelona ya buɗe a 1922 yana iya ɗaukar mutanen Irun kaf, yaro da babba. Ga wasa 18 a shekara, rabinsu a waje, ga kuɗin jirgi da masauki, ga albashi. Kulob ɗin da ƙofarsa ba ta kawo wannan kuɗi ba shi da abin sayarwa sai 'yan wasansa. A 1931 Luis Regueiro, gwanin da ya fi kowa a kulob ɗin, ya koma Madrid, ƙanensa Pedro ya bi shi a 1932. A ƙarshen kakar 1931 zuwa 1932 Real Union ya zo na ƙarshe, aka saukar da shi rukuni na biyu, bayan kaka huɗu kacal.

Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Europa, kulob ɗin unguwar Gracia a Barcelona, ya faɗi a 1931. Arenas, na garin Getxo da ke gefen Bilbao, ya faɗi a 1935. Cikin ukun nan babu wanda ya sake komawa babban rukuni. Sai mu gwada su da Real Sociedad na San Sebastian, babban birnin lardin, wanda tsakaninsa da Irun kamar kilomita 20 ne. Shi ma ya faɗi a 1935, amma da yake yana da birni a bayansa ya sake hawa, har ya ɗauki gasar ƙasa a 1981 da 1982. Lardi ɗaya ne, samarin ma iri ɗaya ne, yawan masu sayen tikiti ne kawai ya bambanta su.

5.0 Yaƙi da Shekarun Ƙananan Rukunoni

Yaƙin basasa ya ɓarke a Yuli 1936. Sojojin da suka yi wa Jamhuriya tawaye sun matsa wa Irun lamba domin su raba arewacin ƙasar da Faransa, suka kama shi a farkon Satumba 1936. Wasu daga cikin masu kare garin sun cinna masa wuta yayin janyewa, dubban mutane suka haye kogi zuwa Hendaye. Ba mu raina wannan bala'i ba, domin ya tarwatsa jama'a da dukiyar da kulob zai dogara da su ya farfaɗo. Amma ya zo ne shekara huɗu bayan faɗuwar, wato ya tarar da mara lafiya a kwance.

Daga nan kulob ɗin ya shafe mafi yawan shekarunsa a rukuni na uku ko ƙasa da haka, yana leƙa na biyu jifa-jifa. Bayan kakar 1964 zuwa 1965 sai da ya yi shekara 44 bai ga rukuni na biyu ba. Shi ma garin ya sake shan wani bugu a 1993, lokacin da kasuwar bai-ɗaya ta Turai ta kawar da binciken kaya a kan iyaka, aikin kwastan da fito ya ragu ƙwarai.

A 2008 tsohon tarihi ya ɗan motsa. Ƙuri'ar Kofin Sarki ta haɗa Real Union, yana rukuni na uku, da Real Madrid mai riƙe da kambin ƙasa. A Stadium Gal Real Union ya ci 3 da 2. A filin Bernabeu, ran 11 ga Nuwamba, Real Madrid ya ci 4 da 3, Raul ya jefa uku, amma ƙwallon da Eneko Romo ya ci dab da tashi ya mayar da jimla 6 da 6, aka fitar da Real Madrid bisa ƙa'idar fifita ƙwallon da aka ci a waje. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sai dai wannan nasara ta ƙara ƙarfafa hujjarmu ne, domin a wasan kofi aka yi ta, inda dare biyu sun isa. A gasar zagaye kuwa, kulob ɗin ya hau rukuni na biyu a 2009, ya sauko a 2010.

A 2021 iyalan Emery suka sayi mafi yawan hannun jarin kulob ɗin. Unai Emery, mai horar da 'yan wasa da ya yi suna a Sevilla da Villarreal da Aston Villa, jikan Antonio Emery ne, mahaifinsa Juan ma ya tsare wa kulob ɗin gida. Ƙanensa Igor ya zama shugaba, kuma a 2023 aka ƙulla haɗin gwiwa da masu Aston Villa. Duk da haka a 2025 kulob ɗin ya faɗa rukuni na huɗu.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda gari mai mutum ƙasa da 20,000 ya ɗauki kofin ƙasa sau huɗu tsakanin 1913 da 1927, idan aka haɗa da na Racing, a lokacin da ɗan wasa ke zaune a garinsu kuma gasa gajera ce. Mun ga kuma yadda albashi da gasar zagaye suka mayar da yawan jama'ar gari ya zama ma'aunin ƙarfin kulob, abin da ya fitar da Real Union da Europa da Arenas cikin shekara shida da fara gasar.

Muna ganin akwai darasi a nan ga masu nazarin tarihin wasanni. Idan aka tsaya ga jerin zakarun babban rukuni, za a ɗauka manyan birane ne suka gina ƙwallon Sifen tun fil'azal, alhali uku daga cikin 10 da suka kafa gasar ƙananan garuruwa ne da unguwa. Tarihin irinsu yana cikin littattafan mambobi da takardun kuɗin ƙofa da jaridun lardi, kuma a nan ne mai bincike zai ga ranar da kuɗin shiga ya kasa biyan albashi. Muna fatan mahalarta wannan taro za su gwada wannan ma'auni a kan kulob ɗin ƙananan garuruwa na wasu ƙasashe, a ga ko sakamakon zai zo ɗaya.