Lardin da Ya Gaji da Binne Magidanta

Ranar da likita ya miƙo mini takardar gwajin jini ya ce kolestarol ɗina ya hau, sai na tambaye shi ko gado ne. Ya ce gado na da nasa rabo, amma tukunya ma na da nata. Wannan magana ce ta sa na bi diddigin tarihin Kareliya ta Arewa, wani lardi a gabashin Finlan, kan iyaka da Rasha.

A shekarun 1960, mazan wannan lardi suna cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duniya. Kuma ba ragwaye ba ne, manoma ne da masu saran itace, masu yini suna aikin ƙarfi. Sai dai cimarsu man shanu ce da madara mai maiƙo da nama mai kitse, ga gishiri, ga taba sigari. Kitsen dabba yana ƙara kolestarol ɗin da ake kira LDL, wanda ke taruwa a bangon jijiyoyi sannu a hankali, hanyar jini ta yi ta ƙuntata, har wata rana ta toshe. Magidanci ɗan shekara 45 sai ya yanke jiki ya faɗi, ya bar marayu.

A 1971 wakilan lardin suka kai kuka ga gwamnati. A 1972 aka fara wani shiri ƙarƙashin likita Pekka Puska, wanda bai cika shekara 30 ba. Bai tsaya a asibiti ba. Ya haɗa kai da ƙungiyar mata ta Martta, domin su ne masu girki. Aka koma ga man tsirrai da madara marar maiƙo da kayan lambu. Masu kiwon shanu sun ja da shirin, tunda abincinsu aka taɓa, sai aka taimaka wa wasunsu suka shiga noman 'ya'yan itace. Daga baya har gasar rage kolestarol aka yi tsakanin ƙauyuka.

Cikin kusan shekara 40, mutuwar mazan da ke shekarun aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

Ni kuwa na rage man shanu a tuwo, nakan ce wa mai tsire ya cire kitsen, kuma nan da wata uku zan koma gwaji.