Yadda Aka Yarda Akwai Rai a Cikin Ƙanƙara

A shekarar 1911 wani masanin ƙwayoyin halitta ɗan Rasha, Vasily Omelyansky, ya ba da rahoton cewa ya samu bakteriya masu rai a jikin gawar wata giwa mai gashi irin ta zamanin da, wadda aka tono daga daskararriyar ƙasar Saiberiya. Ba a yi masa tafi ba. Abin da masana suka tambaye shi kawai shi ne: ta yaya ya san ƙwayoyin nan ba daga hannun masu tonon suka fito ba, ko daga wuƙarsu? Tambayar nan ita ta bi wannan fanni har kusan shekara ɗari.

Maganar ta sake tasowa a tashar Bostok da Tarayyar Sobiyet ta kafa a tsakiyar Antaktika a 1957, wurin da aka auna sanyin da ya kai digiri 89.2 ƙasa da sifili a watan Yulin 1983. Daga shekarun 1970 Sabit Abyzov ya riƙa narkar da tsakiyar gungumen ƙanƙarar da ake zarowa daga ramin haƙa, yana samun bakteriya da ƙwayoyin yis. Sai dai ramin cike yake da kananzir, don kada ƙanƙara ta matse shi ya rufe, kuma kananzir ba ya rasa baƙin ƙwayoyi. Masu shakka sun samu abin riƙewa.

A ganina wanda ya fi kowa kashe bakin masu shakka shi ne David Gilichinsky, wanda ya yi shekaru yana haƙa a kwarin kogin Kolima da ke Saiberiya. Shi haƙarsa busasshiya ce, ba a zuba ruwa ko mai. Akwai kuma wata dabara mai ban sha'awa: sai a shafa wa bututun haƙan wata sananniyar bakteriya mai jan launi da gangan. In an zaro ƙasar, sai a fasa ta da wuƙa mai tsabta a duba tsakiyarta. Idan jar ƙwayar ta tsaya a gefe ba ta kutsa ciki ba, to abin da aka samu a tsakiya ɗan gida ne. Da haka aka tabbatar da cewa ƙasar da ta daskare shekaru dubbai tana ɗauke da ƙwayoyin da ke farkawa in sun ji ɗumi.

Sirrin kuwa ruwa ne. Ko a tsananin sanyi, akwai siririn ruwa mai gishiri da ke manne da ƙwayoyin ƙasa bai daskare ba, a nan bakteriyar suke lafewa, suna rage aikin jikinsu har ya kusa tsayawa. Wasu ma ba barci suke yi ba, domin a 2013 an nuna wata bakteriya daga tsibirin Elsmiya na Kanada tana hayayyafa a digiri 15 ƙasa da sifili.

Gilichinsky ya rasu a watan Fabrairun 2012, watan da Rashawa suka huda kusan kilomita huɗu na ƙanƙara suka taɓa tafkin Bostok da ke ƙarƙashin tashar. Samfurin farko ya gauraye da kananzir, aka koma gidan jiya. Amurkawa sun ɗauki darasi: a Janairun 2013 suka huda mita 800 na ƙanƙarar Antaktika zuwa tafkin Wilans da ke ƙarƙashinta, da ruwan zafi da aka tace aka kashe duk abin da ke cikinsa, suka fito da ruwa mai ɗauke da nau'in ƙwayoyi kusan 4,000.

Daga nan labari ya canja. A 2014 Jean-Michel Claverie da Chantal Abergel a Faransa suka farfaɗo da wani ƙaton bairas mai shekara 30,000 daga ƙasar Saiberiya, ya kama amiba a ɗakin gwaji ya kashe ta. A 2023 kuma aka ba da bayanin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa daga gaɓar Kolima, wadda ta kwanta kimanin shekara 46,000 a ramin wani kurege, aka ɗumama ta, ta motsa, ta ci abinci, ta haihu.