Abin da Hanya ke Tonowa

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Jibiya, inda a ke tsayawa a Magama a nuna takardu kafin a ƙetara zuwa Ɗan Isa. Ita wannan iyaka jiya-jiya ce, domin sai tsakanin 1906 da 1908 Ingilishi da Faransai suka kafa alamunta. Amma ƙasar da ta ratsa tsohuwa ce ƙwarai. Bayan da Ummarun Dallaji ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, wannan yanki ya zama filin yaƙi, garuruwa da yawa suka tashi suka bar kufai.

To, a watan Fabrairu na 1921 ba wanda ya yi mafarkin jirgi a nan, amma shekara ɗari bayan haka, a Fabrairun 2021, aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa mai kilomita 284, daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Alheri ne babba. Sai dai katafila ba ta san tukunyar jiya da ta shekara dubu ba.

Mu duba Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, inda a ke cewa nan aka rufe sarakunan Durɓawa. A 1907 Mista Palmer ya tona waɗansu tuddai a nan, da yardar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Allah ya jiƙansa. An sami tukwane da kayan ƙarfe, amma kayan sun salwanta, abin da aka rubuta kuwa kaɗan ne. A 1992 Farfesa Dierk Lange na Jamus da ma'aikatan hukumar gidajen tarihi suka tona tuddai uku, suka sami 'yan kunne na zinariya, da wuri, da duwatsun wuya, da warwaron hauren giwa, da tasa wadda aka ƙera a ƙasashen gabas. Da ya ke an auna kowane abu a inda ya ke kwance, aka gane mafi tsufan kaburburan ya kai shekara ɗari bakwai, aka kuma tabbata Katsina tana fatauci da nesa tun zamanin nan. An kai kayan birnin Mainz a 2007 don gyara, aka komo da su a 2014.

Ƙasa ɗaya ce, bambancin kawai rubutu ne. Kowane akawu ya san kuɗin da ba a shigar cikin littafi ba, ba su da shaida. Haka gumakan yumɓun ƙasar Katsina suka zama, waɗanda aka tona a ɓoye aka fitar ta kan iyakoki: suna can a Turai, amma sun zama bebaye, ba su faɗin garinsu.

A Ingila, da za a faɗaɗa hanyar A14 tsakanin Cambridge da Huntingdon daga 2016, sai aka sa masu binciken kufai gaban katafila. Suka tono ƙauyuka da kaburbura, har da hauren wata giwa ta zamanin da. Sa'an nan aka zuba labarin cikin taswira a intanet, yadda ɗan makaranta zai taɓa wuri da yatsa, ya ga hoton abin da aka samu da bayaninsa.

Mu ma muna da doka, tun ta 1953 da wadda ta gaje ta a 1979, mai hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Abin da ya rage shi ne lebura ko manomi da ya ga tsohon abu ya bar shi a wurinsa, ya gaya wa mai unguwa, magana ta kai ga dagaci da hakimi, har gidan tarihi na Katsina. A sa shi a taswira da Hausa, wadda Bakatsine da Bamaraɗe za su karanta tare, amma a ɓoye ainihin ramin har a gama bincike, don kada taswira ta zama jagorar ɓarawo.

Hanya in ta lalace a kan sāke ta. Kufai kuwa sau ɗaya a ke tona shi. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar magabata, amin.