Jirgin Da Ya Faɗo Da Dariya: Labarin Fim Ɗin Airplane!

Shekarun 1970 a Amurka zamanin finafinan bala'i ne. Fim ɗin Airport na 1970, wanda aka ɗauko daga littafin Arthur Hailey, ya kawo kuɗi ƙwarai, sai kamfanin Universal ya yi ta haifo masa ƙanne: na 1974, na 1977, da na 1979 mai jirgin Concorde. Tsarin ɗaya ne kullum. A cika jirgi da taurari, a ba kowa damuwarsa, sannan a jefa su cikin hatsari. Kafin ƙarshen shekarun masu kallo sun gundura.

A daidai lokacin ne wasu samari uku daga jihar Wisconsin, Jim Abrahams da ƴan'uwan juna David da Jerry Zucker, ke wasan barkwanci a Los Angeles da sunan Kentucky Fried Theater. Sukan bar na'ura tana naɗar shirye-shiryen talabijin cikin dare don su sami tallace-tallacen da za su kwaikwaya. Wata rana na'urar ta kamo musu wani tsohon fim na 1957, Zero Hour!, wanda shi ma da hannun Hailey a rubutunsa. Labarinsa: matuƙan jirgi da fasinjoji sun ci gurɓataccen kifi sun kwanta, sai wani tsohon matuƙin jirgin yaƙi mai tsoron tuƙi, Ted Stryker, aka tilasta masa saukar da jirgin. Samarin suka sayi haƙƙin fim ɗin da dala 2,500, suka kwashe labarin da jimloli da yawa yadda suke.

A ganina nan ne basirarsu take. Ba su sauya labarin ba, fuskar da ake faɗinsa da ita ma ba su sauya ba. Sun dage a kawo musu ƴan wasan da aka sani da murtuke fuska: Robert Stack, Lloyd Bridges, Peter Graves da Leslie Nielsen. Umarnin shi ne kowa ya yi wasa kamar bai san abin dariya yake ciki ba. Graves da ya karanta rubutun da farko ƙi ya yi, don yana ganin zai zubar masa da mutunci. Har zaɓen Kareem Abdul-Jabbar, gwanin ƙwallon kwando, a matsayin mataimakin matuƙi zolaya ce, domin a fim ɗin 1957 ɗan ƙwallon Amurka Elroy Hirsch ne ya hau kujerar matuƙi. Kuma in ka kasa kunne, jirgin na zamani ne, amma ƙarar farfela yake yi tun daga Los Angeles har Chicago.

Paramount ta sake shi a watan Yulin 1980. An kashe kimanin dala miliyan 3.5, ya kawo sama da miliyan 80 a Amurka kaɗai. Mu da muka fi samun finafinai ta hannun Faransa, da sunan Y a-t-il un pilote dans l'avion ? muka san shi, kuma rabin wasan kalmomin Turancin a hanyar fassara ya zube. Abin da ya tsira shi ne na ido, kamar matuƙin nan na roba da ake hura wa iska.

Ana yawan cewa fim ɗin ne ya kashe finafinan bala'in jirgin sama. Ban yarda gaba ɗaya ba. Na Concorde ya riga ya faɗi kasuwa shekara guda kafin nan, gawa suka tarar suka yi mata rawa. Akwai kuma wurin da dariyata ke tsayawa: inda jarumin da budurwarsa suka je aikin sa-kai a Afirka, aka nuna mutanen ƙauye a matsayin abin nishaɗi kawai. Wannan ba zolayar tsohon fim ba ce, tsohon kallon da ake yi mana ne.

Wanda ya fi cin riba Nielsen ne. Bayan shekaru kusan 30 yana fitowa a matsayin kyaftin ko jami'i mai kamewa, yana da shekara 54 ya zama ɗan barkwanci, ya yi Police Squad! a 1982 da The Naked Gun a 1988. A 2010, shekarar da ya rasu, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya saka Airplane! cikin jerin finafinan da ƙasar ke adanawa.