Lokacin sanyin teku a gaɓar Lome

Gaɓar tekun Togo gajeriya ce, kimanin kilomita 50 daga iyakar Gana zuwa ta Benin. Galibin shekara ruwanta da ɗumi yake, wajen digiri 28, amma daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasan teku, ɗumin ya sauka ƙasa da digiri 25.

Ruwan yakan taso da sinadaran da ke raya ƙananan halittun da kifi ke ci. Shi ya sa sardin da ɗan kifin da mutanen Lome ke kira doevi suke yawaita a lokacin. Masunta kan sauke su a tashar Gbetsogbe, wadda aka buɗe a 2019 da tallafin Japan, mata su yi banda, kifin ya bazu kasuwanni har Zongo.

Ga masu nutso da tulun iska kuwa, yawan halittun nan kan gurɓata ruwan, ba a gani da nisa.

Shekarar da sanyin ya yi rauni, kamu yakan ragu, kifi ya yi tsada.