Majalisar Dokokin Amurka da Ikon Shugaban Ƙasa kan Kuɗin Fito

Kuɗin fito shi ne harajin da gwamnati take karɓa a kan kayan da aka shigo da su daga ƙetare. A Amurka, kundin tsarin mulki bai bar kafar gardama ba game da mai ikon ɗora shi: sashe na 8 na babi na farko ya damƙa wa Majalisar Dokoki ikon sanya haraji da kuɗin fito da tsara ciniki da ƙasashen waje. Shugaban ƙasa ba shi da komai a ciki sai abin da majalisa ta ara masa. Ja-in-jan da ake yi tsakanin ɓangarorin biyu tun 1890 duk a kan wannan aro yake, domin majalisa da kanta ta miƙa ikon, kashi bayan kashi, kuma duk lokacin da ta nemi karɓe shi sai ta tarar karɓar ta fi bayarwar wuya nesa ba kusa ba.

Asali

Ɗaya daga cikin dokokin farko da sabuwar majalisa ta yi ita ce dokar kuɗin fito ta 1789, wadda George Washington ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli. Har zuwa 1913, lokacin da aka halatta harajin kuɗin shiga, kuɗin fito na cikin manyan ginshiƙan baitulmalin tarayya, kuma 'yan majalisa ne suke zama su yanka wa kowace haja nata kason.

An fara aron ne a dokar McKinley ta 1890. Ta yarda sukari da gahawa da ganyen shayi da fatu su shigo kyauta, amma ta ba shugaban ƙasa damar maido musu da haraji idan ya ga ƙasar da ke kawo su tana cutar kayan Amurka. 'Yan kasuwa, ciki har da kamfanin Marshall Field na Chicago, suka kai ƙara cewa majalisa ba ta da hurumin ba wani aikinta. Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar a 1892. Dokar Fordney-McCumber ta 1922 ta ƙara faɗaɗa ƙofar: shugaban ƙasa zai iya ƙara ko rage haraji da kashi 50 cikin ɗari bisa shawarar Hukumar Kuɗin Fito. An ce an yi haka ne don a raba lamarin da siyasa, sai dai a hannun shugabanni Harding da Coolidge galibin sauye-sauyen ƙari ne. 'Yan ragin da aka samu sun faɗa kan kaya irin su ƙotar burushin fenti da wani nau'in makwarwa. A 1928 Kotun Ƙoli, a shari'ar Hampton, ta ce aron ya halatta muddin majalisa ta shimfiɗa wa shugaba ƙa'idar da za a iya fahimta. Wannan hukunci shi ne madogarar duk abin da ya biyo baya.

Smoot-Hawley da abin da ta jawo

Babban yunƙurin farko na ƙwato ikon ya zo ne a Oktoban 1929, ana tsakiyar muhawara kan ƙudirin Smoot-Hawley. 'Yan jam'iyyar Democrat suka haɗa kai da wasu 'yan Republican na jihohin manoma, irin su William Borah na Idaho da George Norris na Nebraska, Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'a 47 da 42 cewa duk sauyin da hukuma ta ba da shawara a kawo shi gaban majalisa. Shugaba Herbert Hoover ya kafe. A Mayun 1930 aka sake ƙuri'a aka yi kunnen doki, mataimakin shugaban ƙasa Charles Curtis ya raba gardama, ikon ya zauna a hannun shugaba.

Abin takaicin shi ne majalisar da ke neman a maido mata da ikonta, a daidai wannan lokaci take nuna wa duniya yadda take wasa da shi. Sanatan jihar masu sukari ya ba na jihar masu katako ƙuri'arsa, na katako ya rama wa na siminti, ƙudirin da aka faro don agaza wa manoma ya kumbura har ya shafi kaya fiye da 20,000. Masana tattalin arziki 1,028 suka rubuta wa Hoover suna roƙonsa kada ya sa hannu. Ya sa, ranar 17 ga Yuni, 1930.

Ramuwar gayya ba ta ɗauki lokaci ba, kuma ƙwai kaɗai ya isa misali. Amurka ta ɗaga harajin dozin ɗin ƙwai daga santi 8 zuwa 10, don kare masu kiwon kaji daga ɗan abin da ke shigowa daga Kanada. Kanada ta ɗaga nata daga santi 3 zuwa 10. Ƙwan da Amurka ke sayar wa Kanada ya faɗo daga dozin fiye da 900,000 a 1929 zuwa ƙasa da 14,000 a 1932. Manomin da aka ce ana karewa shi ya rasa kasuwa. A dunƙule, kayan da Amurka ke fitarwa sun sauko daga sama da dala biliyan 5 a 1929 zuwa wajen biliyan 2 a 1933. Masana tarihin tattalin arziki sun fi ɗora alhakin wannan faɗuwa kan karayar arzikin duniya da rugujewar bankuna da faɗuwar farashi, amma sun yarda dokar ta ƙara wa wutar mai, ta kuma ɓata dangantaka da abokan ciniki. Reed Smoot da Willis Hawley, waɗanda dokar ke ɗauke da sunayensu, duka sun rasa kujerunsu a 1932.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Majalisa ba ta sake zama ta rubuta cikakken jadawalin kuɗin fito da hannunta ba. A 1934, bisa jagorancin sakataren harkokin waje Cordell Hull, ta yi dokar yarjeniyoyin ciniki na ba-ni-in-ba-ka, wadda ta ba Franklin Roosevelt damar rage haraji har kashi 50 cikin ɗari ta hanyar yarjejeniya da wata ƙasa, ba sai ya dawo neman amincewa ba. Kusan duk 'yan Republican sun ƙi ta. Sai dai majalisa ta riƙe igiya guda: ikon na shekara uku ne, in ya ƙare sai an sabunta. Da wannan igiya ta riƙa jan shugabanni. A 1948 ta sa a riƙa tantance iyakar da ragi ba zai wuce ba don kada masana'antun gida su durƙushe. Bayan tattaunawar ciniki ta zagayen Kennedy ta ƙi amincewa da wasu alkawuran da gwamnatin Johnson ta ɗauka a Janeba, ta kuma bar ikon tattaunawa ya mutu daga 1967 har zuwa dokar ciniki ta 1974. A tsawon waɗannan shekaru matsakaicin haraji kan kayan da ake biya wa fito ya sauko daga kusan kashi 59 cikin ɗari a 1932 zuwa wajen kashi 12 a farkon shekarun 1960, kodayake hauhawar farashi ma ta taimaka wajen zaizaye shi.

Abin lura shi ne aron 1934 an yi shi ne da tunanin cewa shugaban ƙasa, da yake ƙasa gaba ɗaya ce ta zaɓe shi, zai fi karkata ga ragi. Ba a yi wani shiri na kirki ba don ranar da za a samu shugaba mai son ƙari.

Nasarar 1980 da hukuncin 1983

Dokokin ƙarin sun taru a hankali. Sashe na 232 na wata dokar ciniki ta 1962 ya ba shugaba damar taƙaita shigo da kaya saboda tsaron ƙasa. A Agustan 1971 Richard Nixon ya ɗora ƙarin kashi 10 cikin ɗari kan kayan waje, kotun ɗaukaka ƙara ta halatta masa da wata dokar zamanin yaƙi ta 1917. Majalisa ta mayar da martani da iyakoki: sashe na 122 na dokar 1974 ya ƙayyade irin wannan ƙari ga kashi 15 na kwana 150, sannan a 1977 ta yi dokar ikon tattalin arziki a lokacin ta-ɓaci, IEEPA, da niyyar rage wa shugaba ƙarfi.

A 1975 majalisa ta yi ƙoƙarin dakatar da harajin da Gerald Ford ya ɗora wa ɗanyen mai na waje, ya hau kujerar naƙi. A 1980 kuwa ta yi nasara. Jimmy Carter ya ɗora dala 4.62 kan kowace ganga, abin da zai ƙara santi 10 kan galan ɗin fetur a shekarar zaɓe. Majalisa ta soke, ya hau kujerar naƙi, Majalisar Wakilai ta tsallake shi da ƙuri'a 335 da 34, ta Dattawa da 68 da 10, alhali jam'iyyarsa ce ke da rinjaye a duka biyun. Kowane direba zai ga wannan haraji a gidan mai, shi ya sa 'yan majalisa suka yi ta maza.

Bayan shekara uku sai ƙasa ta zame a ƙarƙashin ƙafarsu. Dokoki da yawa na shekarun 1970, har da dokar ta-ɓaci ta 1976, sun tanadi cewa majalisa za ta iya soke matakin shugaba da ƙaramin rinjaye ba tare da sa hannunsa ba. A 1983, a shari'ar Chadha, wadda asalinta batun korar baƙo ne, Kotun Ƙoli ta ce wannan tanadi ya saɓa wa tsarin mulki. Aron ya tsaya daram, hanyar karɓe shi ta toshe. Tun daga nan, ikon da aka bayar da rabin ƙuri'u da ɗoriya ba ya dawowa sai da kashi biyu bisa uku na kowace majalisa. A ganin mai wannan rubutu, babu abin da ya kassara majalisa a wannan fage kamar wannan sauyi.

Daga 2018

A Maris 2018 Donald Trump ya yi amfani da sashe na 232 ya ɗora kashi 25 kan ƙarfe da kashi 10 kan alminiyam, daga baya har da na ƙawaye irin su Kanada da Tarayyar Turai. A Yuli Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'a 88 da 11 tana neman a riƙa jin ta bakinta, amma ƙudirin ba mai ɗaure kowa ba ne. Ƙudirorin Bob Corker da Pat Toomey masu haƙora ba su zama doka ba.

Binciken da aka yi kan wannan zango yana da yawa, kuma ya doshi wuri guda. Mary Amiti da Stephen Redding da David Weinstein sun gano cewa kusan dukan harajin masu saye a Amurka ne suka biya. Injin wanki, wanda shi ma aka ɗora wa haraji, ya tashi da kusan kashi 12 cikin ɗari, injin busar da tufafi ma, wanda ba a ɗora wa komai ba, ya bi shi, tunda tare ake sayen su. Wasu masu bincike sun ƙiyasta kowane sabon aiki guda da harajin injin wanki ya samar ya ci wa masu saye wajen dala 815,000 a shekara. Masu narka ƙarfe sun samu riba, masana'antun da ke sayen ƙarfe, waɗanda suka fi su ma'aikata ninkin ba ninkin, suka ji jiki. Chaina, wadda ita ma aka ɗora wa kayanta haraji, ta rama da kashi 25 kan waken suya, gwamnati ta raba wa manoma tallafin sama da dala biliyan 20.

A 2025 Trump ya koma ga IEEPA, dokar da babu shugaban da ya taɓa ɗora kuɗin fito da ita. Ranar 2 ga Afrilu ya sanar da kashi 10 kan kusan kowace ƙasa, da ƙari kan wasu. Najeriya ta samu kashi 14, daga baya 15, amma ban da ɗanyen mai. Kasuwar hannun jari ta faɗi da wajen kashi 10 cikin kwana biyu, aka jingine manyan ƙare-ƙaren na kwana 90. A ranar sanarwar Majalisar Dattawa ta amince, 51 da 48, da ƙudirin Tim Kaine na soke harajin da aka riga aka ɗora wa Kanada, tare da goyon bayan 'yan Republican huɗu: Susan Collins da Lisa Murkowski da Mitch McConnell da Rand Paul. Chuck Grassley da Maria Cantwell suka gabatar da ƙudirin da zai sa duk sabon haraji ya mutu bayan kwana 60 in majalisa ba ta amince ba. Fadar shugaban ƙasa ta yi barazanar hawa kujerar naƙi. A ƙarshen Afrilu wani ƙudirin ya mutu a 49 da 49. A Oktoba sanatoci sun amince da uku a jere, kan Birazil da Kanada da harajin duniya baki ɗaya, babu wanda ya kusa kashi biyu bisa uku. Ita kuwa Majalisar Wakilai ta ɗaure hannunta da kanta: ta sanya a ƙa'idojinta cewa kwanakin da ke wucewa ba za a ƙirga su kwanaki ba ta fuskar dokar ta-ɓaci, don kada a tilasta mata ƙuri'a. A 2025 wakilan jama'a sun guje wa bayyana matsayinsu, alhali kuɗin fito gaba ɗaya ya tara dala biliyan 195 a shekarar kuɗi ta 2025.

Ƙananan 'yan kasuwa ne, ciki har da mai shigo da giya da mai ƙera kayan wasan yara, tare da wasu jihohi, suka kai lamarin kotu. Sun yi nasara a kotu a Mayun 2025, wasunsu suka sake yi a kotun ɗaukaka ƙara a Agusta. Ranar 20 ga Fabrairu, 2026, Kotun Ƙoli, alƙalai 6 da 3, ta yanke cewa IEEPA ba ta ba shugaba ikon ɗora kuɗin fito ba. Hukuncin bai taɓa sashe na 232 ba, kuma nan take gwamnati ta koma ga sashe na 122, wanda harajinsa ba ya wuce kwana 150 sai da yardar majalisa.