Tarihin Haɗa Jadawali Biyu, da Mutanen da Ke Zubewa a Tsakani

Yau tarihi zan ɗan taɓa mana, tarihin yadda ake haɗa jadawalin bayanai biyu su zama ɗaya.

Ga misali: jadawali ɗaya na ɗauke da sunayen ma'aikata, ɗayan na ɗauke da asusun da ake biyan albashi. Kafin ka haɗa su, sai ka samu wani abu da ke cikin duka biyun, kamar lambar shaida. Shi ake kira mabuɗi.

A 1946, Halbert Dunn, jami'in ƙididdigar haihuwa da mutuwa a Amurka, ya yi rubutu kan haɗa takardun mutum ɗaya da ke warwatse a ofisoshi. A 1959, Howard Newcombe a Kanada ya sa kwamfuta ta haɗa takardun aure da na haihuwa. Sai 1970, Edgar Codd na kamfanin IBM ya kafa ƙa'idar adana bayanai a jadawalai daban-daban, a riƙa haɗa su ta mabuɗi. Daga baya Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro manhajar ƙididdiga ta R a Jami'ar Auckland, wadda umarninta na merge ke yin aikin nan cikin layi guda.

To, mu ina abin ya shafe mu? A 2016, Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire ma'aikatan bogi sama da 23,000 bayan an gwama jadawalin albashi da lambar BVN. Suna ba zai yi wannan aikin ba: Muhammad, Mohammed da Mamman na iya zama mutum ɗaya, ko mutum uku.

Amma fa ku ji nan. Idan ba ka ce wa merge komai ba, duk wanda lambarsa ba ta cikin duka jadawalan biyu, zubar da shi take yi shiru, ba gargaɗi. Sai ka ƙara all = TRUE kafin ta riƙe shi. Tsohuwar da ba ta da NIN, haka take ɓacewa daga jerin tallafi, alhali tana nan da ranta.

Don haka 'yan'uwa, duk wanda ya kawo muku alƙaluma, ku tambaye shi: mutum nawa ne kafin haɗawa, nawa suka rage bayanta? Sai mun haɗu a shiri na gaba.